Farin Dutsen Mai Amya

Farin dutsen bai kai ƙwan kaza girma ba, amma tun da aka danƙa shi a hannun Mai Amya gumi ke tsattsafo masa. Yana durƙushe a filin makaranta, a gabansa an zana gandun dajin gaba ɗaya a ƙasa. An shimfiɗa shuɗiyar igiya a matsayin rafi, an barbaɗa toka inda fadama take, an tara tsakuwa a wurin tsauni, an kakkafa 'yan rassa masu ganye inda kurmi yake. Mutanen gari sun yi da'ira suna leƙe, kowa na neman hanyar gidansa a cikin ƙura.

Matar da ta zana abin baƙuwa ce daga wata ƙungiya, kuma tun zuwanta na farko garin ya laƙaba mata suna Mai Taswira. Ta tsuguna kusa da shi tana murmushi.

"Kowane wakili ya ɗora dutsensa a wurin da ya fi masa muhimmanci," in ji ta. "Wurin da in babu shi, babu ku. Kada ku ji tsoron komai. Yau ku ne masu magana, mu saurare muka zo yi."

Wannan magana ta yi wa Mai Amya daɗi, don tun yana saurayi bai taɓa jin an ce za a saurare shi a kan dajin nan ba. Abin da ya sani shi ne gudu. Tun da hukuma ta mai da dajin gandu, mutumin gari ba ya shiga sai a sace, in masu gadi sun hango shi su bi shi, in sun kama shi su ƙwace gatari. Haka aka yi ta yi shekara da shekaru, masu gadi suka gaji da bi, mutanen gari suka gaji da gudu. Sai aka zo da sabon tsari, wai kwamitin haɗin gwiwa, inda hukumar gandu da mutanen gari za su zauna a tabarma ɗaya su tsara yadda za a yi da ƙasar. Makiyaya suka ba da wakili, masu gawayi suka ba da, mata masu itace suka ba da. Masu zuma kuwa ba su ko yi gardama ba, suka tura Mai Amya, domin duk garin babu mai amya kamar tasa, waɗannan gidajen ƙudan zuma da ake saƙawa a rataya a kan bishiya.

Mai Gawayi ne ya fara. Ya tashi da gaggawa, ya ɗora dutsensa a kan tsakuwar nan, wato tsaunin da ko ciyawa ba ta fitowa a kansa. Ya koma ya zauna fuskarsa ko gezau. Mai Amya ya dube shi, ya sake duban taswirar. Me mai gawayi zai yi da tsauni? Ko dai mutumin bai gane zanen ba ne? Har ya buɗe baki zai gyara masa, sai wakilin makiyaya ya miƙa hannu ya ajiye nasa can ƙarshen toka, wurin wani taɓo da saniya ba ta shiga ta fito. Tsohuwa mai itace kuwa ta juya dutsenta, ta yaba farinsa, ta ƙulle shi a bakin zane ta ce sai ta yi shawara.

Kan Mai Amya ya ɗaure. Mutanen nan tare suka tashi, ya san inda kowannensu ke samun abinci. Ga baiwar Allah ta taso daga nesa, ta ɓata tufafinta da ƙura don ta ji gaskiya, su kuma suna yi mata wasa da hankali. Kunya ta kama shi a madadinsu.

Ya matsa gaba da gwiwa, ya nemi inda shuɗiyar igiyar ta yi kwana, ya ɗora dutsensa daidai tsakiyar 'yan rassan nan.

"Nan ne," in ji shi. "Kurmin tsamiya. Duk amyoyina suna nan. Babbar tsamiyar da ke bakin kurmin, mahaifina ne ya fara rataya amya a kanta, ni kuma a kanta na koyi hawa. Da zumar nan nake riƙe gidana."

Mai Taswira ta dafa ƙirji. Ta sa aka tafa masa, ta ce ya sake ɗora hannu a kan dutsen a ɗauki hoto. Ya ɗora, ya yi murmushi yadda aka ce ya yi. A bayansa ya ji Mai Gawayi ya yi wani ɗan tari.

* * *

Ya koma gida da koriyar riga da hula irin wadda aka raba wa 'yan kwamiti. Matarsa tana wanke bokitan zuma a tsakar gida, don lokacin ɗiba ya matso. Ta ɗago ta dube shi tun daga hula har ƙafa.

"Sannu da zuwa, manyan gari. Me aka yanke?"

"Ba a yanke komai ba tukuna. Saurare aka yi."

"Wa ya saurari wa?"

"Su suka saurare mu."

"To me suka karɓa a hannunku?"

"Haba, ke kam! Ba abin da suka karɓa. Su ne ma suka ba mu. Dutse aka ba kowa ya ajiye."

Ta tsaya da soso a hannu, ta ce ya maimaita. Ya kwashe labarin duka ya faɗa mata, har da shirmen Mai Gawayi. Ba ta yi dariya ba a inda ya sa ran za ta yi. Ta ce ita dai a saninta Mai Gawayi bai taɓa yin shirme a kan abin da zai ci ba.

Suna cikin haka sai ga Auta, ƙanin matar, ya yi sallama. Shi ma sabon tsarin ne ya ɗauke shi aikin gadin daji, don an ce daga yanzu 'ya'yan gari ne za su tsare dajinsu. Takalman da aka ba shi sun yi masa yawa, yana tafiya suna ƙara.

"Mijin Yaya, an ce yau kai ne tauraro," in ji shi. "Hotonka har ofis. Ka ga yanzu ni da kai duk ma'aikata ne, sai dai ni ana biyana, kai kuma hula."

"Tafi can, ɗan nema. Ni ne mai tsara dokar da za ka bi. In ka gan ni ka riƙa ƙamewa."

Auta ya ƙame ya sara masa, takalmi ɗaya ya kusa fita. Aka yi dariya, har matar ta ɗan murmusa. Amma da ta koma kan bokitanta sai ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, a yi ƙoƙari a ɗebe zumar nan kafin ruwa ya sauka, yara sun fara tambaya.

* * *

Taro na gaba ba a fili aka yi shi ba. A ɗakin taro na ofishin gandu aka yi, mai fanka da kujerun roba. Babu igiya, babu toka. An liƙa wata ƙatuwar taswira ta takarda a bango, an shafe ta da launi uku, kore da rawaya da ja. Mai Amya ya yi ta neman rafin bai gan shi ba, sai da ya karkata kai ya gane ashe an kifa garin ne, gabas ta koma sama.

Mai Taswira ta yi bayani mai tsawo. Kore na kowa ne, a shiga a fita. Rawaya a shiga da izini, a yi kiwo, a sari busasshen itace. Ja kuwa shi ne zuciyar gandu, wurin da za a bari ya huta, ba mai shiga, ba mai fita da ko tsinke.

"Abin alfaharin shi ne," in ji ta, "ba mu muka zaɓi jan wurin ba. Ku kuka zaɓa da hannunku. Mun ɗauki wuraren da al'umma ta ce sun fi daraja, muka ce to waɗannan su za a fi tsarewa."

Jan launin wuri uku ne. Akwai tsaunin Mai Gawayi, akwai taɓon makiyayi. Na ukun ya fi su girma, yana daidai inda rafi ya yi kwana, kuma a gefensa an manna hoton wani mutum a durƙushe yana murmushi, hannunsa a kan farin dutse.

Mai Amya ya gane kansa a hoton. Ya ce wa kansa bai fahimta ba ne, ai ba zai yiwu ba. Tsarewa aka ce, kuma wa za a tsare wa in ba mai wurin ba? Amma an ce ba mai shiga. To ba mai shiga har da shi? Ƙila ana nufin baƙi. Ƙila akwai wani launi na huɗu da ba a zo kansa ba. Ya juya ya dubi Mai Gawayi, ya tarar mutumin ya tsura wa fanka ido kamar bai taɓa ganin irinta ba.

Ya ɗaga hannu zai yi tambaya. Daidai lokacin Shugaban gandu, wanda tun ɗazu yake duba agogo, ya ce duk wanda ya amince ya ɗaga hannu. Hannuwa suka tashi ko'ina.

"Madalla," in ji Shugaba. "Ga wakilin masu zuma ma ya riga kowa."

"Ranka ya daɗe, ni tambaya ce da ni."

"Za a zo kan tambayoyi, Malam. Ƙaramin kwamiti zai duba su."

Aka tafa. Aka shigo da shayi da burodi. Mai Amya ya sauke hannunsa a hankali, ya dube shi kamar ba nasa ba.

* * *

Bai gaya wa matarsa ba sai da ya fara neman gyara. Washegari ya sa koriyar rigar ya koma ofishin gandu. Shugaba ya karɓe shi da fara'a, har ya ba shi kujera, abin da bai taɓa faruwa ba a zamanin gudu.

"Ranka ya daɗe, kuskure aka yi. Ni da na ajiye dutsen nan, nufina a bar mini wurin."

"Na gane, Malam, wallahi na gane," in ji Shugaba. "Da a da ne, lokacin da nake yanke hukunci ni kaɗai, da yanzu na ce je ka ɗebi zumarka, in kira masu gadi in ce su kau da kai. Amma yanzu ba ni da wannan iko. Ku kuka ce mun cika danniya, aka karɓe iko aka ba kwamiti. In na taɓa abin da kwamiti ya yanke, gobe a ce na koma halina."

"To wa zan gani?"

"Kwamiti."

"Ranka ya daɗe, ai ni ne kwamitin."

"To ka gani," in ji Shugaba, ya buɗe hannuwa.

Ya fito bai san abin da ya gani ba. Ya nufi masaukin Mai Taswira, ya tarar tana ɗaure kaya a bayan mota. Ta saurare shi da gaske, idanunta har suka yi rau-rau. Ta ce ba ta taɓa zaton haka ba, ta ce abin da ya faɗa darasi ne babba, za ta kai shi gaba. Amma taswirar ta riga ta tafi sama, masu ba da tallafi sun gani sun yaba, hotonsa ma shi ne a bangon rahoton. Za a sake duba tsarin in an yi 'yan shekaru.

"Malama, zuma ba ta jiran shekaru. In ruwa ya sauka ta lalace, in ba ta lalace ba birai su farfasa amyoyin."

"Ka kai maganar ƙaramin kwamiti, Baba."

"Su waye a cikinsa?"

Ta yi ɗan tunani, ta ce ba a kafa shi ba tukuna, babban kwamiti ne zai kafa.

Daga nan ya je wurin jami'in hukumar yanki, wanda shi ma yana da kujera a kwamitin amma bai taɓa zama a kanta ba. Wannan ko zama bai ce ya yi ba. Ya ce ƙasar da ke cikin gandu ba tasu ba ce, mutanen da ke wajen gandu ne nasu, don haka in matsalar ta mutum ce ya faɗa, in ta ƙasa ce ya koma gandu. Mai Amya ya tsaya yana lissafi a ransa ko matsalarsa ta mutum ce ko ta ƙasa, har wani ya shigo aka manta da shi.

A hanyar komawa ya haɗu da Mai Gawayi yana turo buhuna a baro, daga yankin rawaya, inda ɗanyen itace ke zama busasshe da zarar an sare shi an bar shi ya kwana biyu.

"Ka san abin da zai faru," in ji Mai Amya. "Ka sani, ka bar ni."

"Na yi maka tari."

"Tari magana ce?"

"A gaban baƙi shi ne magana." Mai Gawayi ya ajiye baron ya share gumi. "Ɗan'uwa, ban san komai ba, na rantse. Ni dai tun da nake, duk wanda ya zo da mota ya tambaye ni ina abina mafi kyau yake, ban taɓa nuna masa ba. Kai kuma ka nuna, har da murmushi."

Mai Amya ya so ya zage shi, ya rasa ta inda zai fara. Mutumin ƙarya ya yi, shi kuma gaskiya ya faɗa, to me ya sa shi ne yake jin kunya? Ya yi ta juya wannan a ransa har ƙofar gida, bai sami bakin zaren ba.

Da ya gaya wa matarsa, ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta dubi bokitan da ta kife a jere, ta ce, "Wato da hannunka." Ta shiga ɗaki.

* * *

An ce don kada mutane su ɗauka hukuma ce ta shata iyaka, 'yan kwamiti ne za su shafa wa bishiyoyin iyaka jan fenti da kansu. Kowane wakili aka ba shi wurin da ya zaɓa. Mai Gawayi ya shafa wa duwatsu biyu ya tafi harkarsa. Mai Amya aka ba shi gwangwani da buroshi, aka haɗa shi da Auta ya raka shi.

Hantsi ya yi lokacin da suka iso bakin kurmin. Tun daga nesa ya ji gunjin ƙudan, irin gunjin nan mai kauri da suke yi in gida ya cika. Ƙamshin zuma ya sauko har ƙasa. Ya ɗaga kai ya ga amyar da ke kan babbar tsamiya ta yi nauyi har igiyarta ta ci cikin reshe, bakinta ya yi baƙi da danƙo.

"Auta," in ji shi, "ka je ka duba mini wancan gefen rafin. Ka daɗe."

Auta bai yi dariya ba. Ya tsaya yana murza igiyar hularsa.

"Mijin Yaya, kada ka sa ni. Duk garin nan ido a kaina yake. Masu gadin da suka zo daga waje jira suke in yi kuskure su ce ga shi nan, ɗan gari ba ya iya tsare gari. In na bar ka, gobe makiyayi ya ce a bar shi. Aikin nan shi ne na farko da na taɓa samu, kuma ka san Inna ni take kallo."

"Amyoyina ne fa."

"Na sani. Ni ma da zumarsu na girma." Ya sunkuyar da kai. "Amma kai ka kafa dokar. Ni bi kawai aka ce in yi."

Mai Amya ya tsoma buroshi. Ya zagaye gindin tsamiyar da ja, daidai ƙasan gurbin da mahaifinsa ya sassaƙa don sa ƙafa. Fentin ya gangaro ta hannun buroshin ya shiga ƙarƙashin faratansa. Ƙudan suna ta wucewa ta saman kansa, suna fita suna komowa.

* * *

Hadari ya fara haɗuwa da yamma yana watsewa. Matar ta daina maganar zuma, shi ma ya daina. Abincin gidan ya ragu, ta riƙa cewa ta ci a maƙwabta. Ya san ba ta ci ba, ita ma ta san ya sani.

Wata safiya ya farka bai gan ta ba. Babu bokiti ɗaya, babu igiyar hawa, babu damin ciyawar da yake yin hayaƙi da ita. Shekara da shekaru ita ke riƙe masa igiya a ƙasa, ta san kowane ƙulli. Ya fito da gudu ba hula, amma kafin ya kai ƙarshen gari ya hango su tafe. Tana gaba, fuskarta a kumbure da harbi, ido ɗaya ya rufe. A bayanta wani baƙon mai gadi ne riƙe da bokiti. Can baya kuma Auta ne, yana jan takalmansa yana share hawaye da hula. Tare suke sintiri da baƙon, suka ga hayaƙi, kuma babu yadda zai ce bai gani ba.

"Amya ɗaya na sauke," ta ce wa mijinta da suka zo daidai shi. "Ta kan tsamiyar Baba. Sauran sun fi ƙarfina."

A sabon tsari ba a kai mai laifi wurin 'yan sanda. Wannan na cikin abubuwan da aka yi ta yabo, cewa al'umma ce za ta hukunta nata cikin mutunci. Don haka aka kira zaman gaggawa na kwamiti, aka aiko a gaya wa Mai Amya ya sa rigarsa.

Ya zauna a kujerar roba, a ƙarƙashin hotonsa. Aka ajiye bokitin a kan tebur, saƙar zuma ta cika shi, tana ƙyalli. Matar aka ce ta jira a baranda. Ta taga yana hango bayan kanta.

"Ranka ya daɗe," in ji shi, "ni a wane matsayi na zo? Mijinta ne ni, ko mai zumar, ko mai hukunci?"

Shugaba ya ce tambaya ce mai kyau. Aka ɗan tattauna. Wakilin makiyaya ya ce ya fita tun da matarsa ce. Shugaba ya ce in ya fita masu zuma ba su da wakili, kuma ba a yanke hukunci a kan zuma ba tare da masu zuma ba, wannan shi ne ginshiƙin tsarin. Tsohuwa mai itace ta ce ita dai a saki yarinyar mutane. Mai Gawayi, wanda bai iya haɗa ido da kowa ba, ya ce a yi sassauci, laifin farko ne.

Aka yi sassauci. Za a ja mata kunne, za a riƙe zumar a matsayin kayan kwamiti, sannan don kada amyoyin su ci gaba da jan mutane cikin jan yanki, masu gadi za su kwance igiyoyin hawa su toshe guraben sa ƙafa. Amyoyin kuwa a bar wa ƙudan, ai su ma gidansu ne. Shugaba ya ce wanda ya amince ya ɗaga hannu.

Mai Amya ya danne hannuwansa biyu a tsakanin cinyoyinsa. Shugaba ya dube shi da tausayi, ya ce babu wanda ya ƙi, an amince baki ɗaya.

Aka shigo da shayi. Mai kawo shayin ya raɗa wa Shugaba cewa sukari ya ƙare, ba a yi shirin zaman ba. Shugaba ya dubi bokitin, ya ce ai kayan kwamiti ne, kuma ga kwamiti a zaune. Aka kawo cokali. Kowa aka zuba masa, aka juya.

"Kai!" in ji Shugaba da ya kurɓa. "Ku ji fa. Tun ba a je ko'ina ba dajin ya fara farfaɗowa."

Aka miƙo wa Mai Amya nasa kofin. Ya karɓa, don bai san yadda ake ƙin karɓa ba. Ƙamshin furen tsamiya ya taso masa tare da tururi. A baranda Auta ya tsuguna nesa kaɗan da yayarsa, ya tura mata ruwa a kofi, ba ta juyo ba.

Wani ƙudan zuma ya shigo ta taga, ya zagaya ɗakin, ya sauka a bakin kofin Mai Amya, kusa da babban yatsansa mai jan fenti a ƙarƙashin farce. Ya sha abin da zai sha, ya tashi, ya wuce ta saman kan matar ya nufi kurmi. Shayin ya huce a hannunsa.